Yadda mai raino a gida za ta ƙayyade yawan yaran da za ta karɓa

A unguwannin da ma'aikata suka fi zama a Abuja, irin su Kubwa da Lugbe da Karu da Nyanya da Dutsen Alhaji, rainon yara a cikin gida ya zama sana'ar da mata da yawa suke rufa wa kansu asiri da ita. Dalilin bunƙasarta a fili yake. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ba mace hutun haihuwa na makonni 12, kuma ko a wuraren da ake ƙara wa mata kwanaki a kan haka, da yawa suna komawa bakin aiki tun jariri bai fara zama ba, alhali kakar da za ta karɓe shi tana can Kano ko Zariya ko Bauchi. Saboda haka maƙwabciyar da take gida, wadda aka shaide ta da tsabta da haƙuri, ita ake fara miƙa wa ɗa, daga nan labari ya bazu, kafin shekara ta zagayo falonta ya cika. Wannan bayani na matar da ta shiga sana'ar ne ko take shirin shiga, kuma a kan tambaya guda ya tsaya: yara nawa mutum ɗaya zai iya riƙewa a lokaci guda ba tare da ya saka ran ɗayansu cikin haɗari ba, kuma yaya ake yin lissafin?

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda take aiki kai tsaye a Babban Birnin Tarayya, tana da sashe a kan masu rainon 'ya'yan wasu a gida don a biya su. Ta tanadi a yi musu rajista, ta kuma ba hukuma ikon ƙayyade yawan yaran da kowace za ta riƙa. Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugun 2013, ta sa malami 1 ga yara 10 a ɗakin rainon jarirai, da malami 1 ga yara 25 a ajin nazare. Amma waɗannan alƙaluma na makaranta ne, inda akwai shugaba da mai shara da maigadi da malamar ajin da ke maƙwabtaka, waɗanda za su kawo ɗauki idan aka yi kururuwa. Matar da take ita kaɗai a gida ita ce mai dafa abinci, ita ce mai yi wa yaro tsarki, ita ce mai buɗe ƙofa, don haka idan ta ɗauki lissafin mutum 1 ga yara 10 ta ɗora wa kanta abin da ba zai yiwu ba. Ma'aunin da ya fi dacewa da halinta, a ganina, shi ne wanda ake aiki da shi a Ingila, domin an yi shi ne musamman saboda mai raino a gidanta.

Ƙa'idar Ingila: 6 da 3 da 1

A Ingila, wanda zai riƙa kula da yara 'yan ƙasa da shekara 8 a gidansa fiye da awa 2 a rana don a biya shi, wajibi ne ya yi rajista da hukumar Ofsted, mai duba makarantu da wuraren raino, ko wata cibiya da hukumar ta amince da ita, idan kuma akwai waɗanda ba su wuce shekara 5 ba a cikinsu, ya bi kundin ƙa'idojin da ake kira EYFS, wanda ya fara aiki a 2008. Kundin ya ce mai raino ɗaya ba za ta riƙe fiye da yara 6 'yan ƙasa da shekara 8 a lokaci guda ba. A cikin shidan nan, ƙanana ba za su wuce 3 ba, a cikin ukun kuma, jariri ɗan ƙasa da shekara 1 ba zai wuce ɗaya ba. Abin da ya kamata a lura da shi sosai shi ne alƙaluman nan ba tara su ake yi ba. Jaririn yana cikin ukun, ukun kuma suna cikin shidan, saboda haka cikakken gida shi ne jariri 1 da ƙanana 2 da 'yan makaranta 3, jimilla 6, kuma wadda ta lissafa su suka zama 10 ta yi kuskure tun daga tushe.

Ana ɗaukar yaro a matsayin ƙarami har zuwa ranar 1 ga Satumba da ta biyo bayan cikarsa shekara 5. Yaron da ya cika shekara 5 a watan Fabrairu yana nan cikin ƙanana har Satumbar wannan shekarar. Wannan ya zo daidai da tsarinmu, tun da a Satumba makarantun Abuja ma suke fara sabuwar shekarar karatu. Sai dai a wurinmu ana saka wa yaro ɗan shekara 2 kayan makaranta a rataya masa jaka, sai a ce ai ɗan makaranta ne. Kayan makaranta ba sa ƙara masa wayo ko ƙarfin ƙafa, kuma har yanzu zai iya tura ƙwallon dabino a hanci, don haka cikin ƙanana za ki lissafa shi.

Sauran sassan Birtaniya suna da nasu alƙaluman. A Sikotiland, iyakar ita ce yara 8 'yan ƙasa da shekara 16, waɗanda a cikinsu 'yan ƙasa da shekara 12 ba za su wuce 6 ba, amma ko a can waɗanda ba su shiga firamare ba 3 ne, jariri kuma 1.

Ni a fahimtata, hikimar tsayawa a kan 3 da 1 tana fitowa ne idan aka yi tunanin ranar da tukunyar gas ta fara tsiyaya, ko waya ta kama da wuta lokacin da aka dawo da lantarki da ƙarfi. Yawancin gidajen haya a Abuja ƙofar fita ɗaya gare su, tagogi kuma duk an kafe su da ƙarfe saboda ɓarayi. Mace tana da baya ɗaya da hannu biyu: ta goya jariri, ta kama yaro ɗaya a dama, ɗaya a hagu, 'yan makarantar kuma su bi ta da ƙafafunsu saboda suna jin magana. Idan ƙananan sun kai 5, dole ta yi sawu biyu, wato ta ajiye wasu a waje babu mai tsaronsu, ta koma cikin hayaƙi neman sauran, waɗanda tsoro zai iya sa su ɓuya a ƙarƙashin gado. Kafin ki karɓi kowane sabon yaro, ki tsaya a tsakiyar falonki ki tambayi kanki ko za ki iya fitar da kowa a sawu ɗaya. Idan amsar a'a ce, kin riga kin cika.

Ki fara ƙirga na cikinki

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mai raino ta ƙirga yaran da ake biya mata kuɗi kawai, ta manta da nata. Ƙa'idar Ingila ta saka 'ya'yan mai rainon cikin lissafi, tare da duk wani yaro da yake ƙarƙashin kulawarta, kamar ɗan riƙo. Hankali ma haka ya nuna, domin ɗanki yana kuka, yana ɓata wando, yana hawa tebur kamar na kowa, ƙari a kan haka yana kishi idan ya ga kin goya wani.

Mu ɗauka kina da yara biyu, ɗaya ɗan shekara 2, ɗaya 'yar shekara 7. Daga gurabe 6, naki sun cinye 2, saura 4. Daga guraben ƙanana 3, ɗanki ya cinye 1, saura 2. Abin da za ki iya karɓa ke nan shi ne ƙanana 2, waɗanda ɗayansu zai iya kasancewa jariri, da 'yan makaranta 2 da ba su kai shekara 8 ba. Idan kuwa ke da kanki goyo kike yi, gurbin jariri ya riga ya tafi, kuma shawarata ita ce kada ki karɓi jaririn kowa sai naki ya shekara. Haka nan ki ƙirga ɗan maƙwabciya da ake turo miki kullum da rana a ce ya je ya yi wasa, da ɗan ƙanwarki da aka kawo hutu. Rashin biyan kuɗi bai cire su daga wuyanki ba, domin idan wani abu ya same su ke za a tambaya.

Bayan wannan sai ki ɗauko takarda ki ja layi, ki rubuta awannin yini tun daga ƙarfe 6 na safe har 8 na dare, a gaban kowace awa ki rubuta sunayen yaran da suke gidan da shekarunsu, ranar Litinin daban, Juma'a daban. Iyakar tana aiki ne a kowane lokaci na yini, ba a kan matsakaicin adadi ba. Za ki ga cewa da hantsi gidan yana da sauƙi, amma daga ƙarfe 2 na rana, lokacin da 'yan makaranta suka dawo da yunwa, ƙananan kuma suka tashi daga barci, adadin yana haurawa. Awa mafi nauyi ita ce tsakanin la'asar da magariba. A lokacin kin gaji, kina son ki ɗora girkin dare, ga salla, iyayen kuma suna maƙale a cunkoson hanyar Nyanya ko ta Kubwa, suna bugo waya suna cewa ga su nan tafe. Uwar da ta ce za ta zo ƙarfe 5, ki rubuta mata 6 da rabi a takardarki, domin lokacin da take isowa a zahiri shi ne abin lissafi. Idan akwai awa ɗaya tak da adadin ya wuce iyaka, tsarin bai yi ba, sai an sake shi.

Akwai amfani a wannan takarda ta wani ɓangaren. Gurbi ɗaya zai iya ɗaukar yara biyu idan lokutansu ba su haɗu ba, misali ɗan malamar makaranta da ake ɗauka ƙarfe 2, da ɗan ma'aikaciyar jinya da take shiga aikin yamma. Sharaɗin shi ne ki bar tazarar aƙalla rabin awa tsakanin tafiyar wannan da zuwan wancan.

'Yan makaranta

Mutane suna ɗauka cewa 'yan makaranta ba su da wahala, har ma ana cewa za su taya raino. Gaskiya ne ba a yi musu tsarki kuma ba a ba su abinci a baki, amma suna zuwa da nasu nauyin. Suna guje-guje a inda mai rarrafe yake, suna barin fensir da abin fiƙe fensir da murfin biro da tsabar alawa a ƙasa, suna barin ƙofar banɗaki a buɗe alhali akwai bokiti cike da ruwa a ciki, kuma yarinya 'yar shekara 6 za ta so ta ɗauki jariri ta goya shi saboda tana ganin ana yi. Wannan ne ya sa 'yan shekara 5 zuwa 7 suke cikin shidan nan.

Ƙa'idar Ingila ta yi sassauci ga yaran da suka fara zuwa makaranta amma ba su fita daga rukunin ƙanana ba: idan kafin makaranta ko bayan an tashi ko lokacin hutu kawai suke zuwa, ana iya riƙe su tare da wasu ƙanana 3, muddin jimillar 'yan ƙasa da shekara 8 ba ta wuce 6 ba. Idan za ki yi amfani da wannan sassauci, ki taƙaita shi ga yaron da ya kai shekara 4, yake zuwa banɗaki da kansa, yake tsayawa idan an ce ya tsaya. Ɗan shekara 3 da ya dawo daga nazare a gajiye, yana rigima yana neman a ɗauke shi, aikinsa bai gaza na ɗan shekara 2 ba.

Waɗanda suka kai shekara 8 ba sa cikin shidan, amma kundin ya ce kula da su kada ya tauye kulawar da ake ba ƙanana. Ma'anar wannan a aikace ita ce ba a buɗe miki ƙofa ki tara 'yan firamare goma ba. A gida mai ɗaki biyu da falo, ni ba zan ba da shawarar a wuce 2 ba a kan shidan, kuma a ba su wurin zama daban inda za su yi aikin gida kafin lokacin Islamiyya. Ki kuma yi lissafin hutu tun da wuri, musamman dogon hutun da yake farawa a ƙarshen Yuli ya kai Satumba, domin yaran da suke zuwa awa uku a rana za su koma yini cur, kuma iyaye za su so su haɗo miki da yayyensu. Ranar Juma'a ma ana tashi da wuri, sai lokacin cin abincin ƙanana ya haɗu da dawowar manya.

Batun ɗauko yara daga makaranta yana buƙatar a yanke shi tun ranar farko. Idan ke za ki je, ko dai ki kwashi ƙananan duka ki shiga Keke Napep da su, ko ki kulle su a gida, kuma duka biyun ba abin yi ba ne. Ki sa iyaye su shirya wanda zai kawo yaran har ƙofarki, ki san shi da fuska, ki kuma san lokacin da ya kamata su iso, yadda idan an yi minti 20 ba su zo ba za ki buga waya.

Lokacin da ake ɗaga iyaka, da lokacin da ake rage ta

An yarda a Ingila mai raino ta wuce iyakar ƙanana ko ta jarirai a wasu halaye, kamar idan tagwaye ne, ko ƙanin yaron da yake hannunta tun da, ko jaririnta na cikinta, da sharaɗin ta iya nuna wa iyaye da masu duba aiki cewa kowane yaro yana samun abin da yake buƙata. Ko a nan ma shidan ba ta motsi. Idan kika karɓi tagwaye, abin da ya dace shi ne ki rage wani wuri, wato ki riƙe su da ƙarami ɗaya kawai, ki kuma sanar da sauran iyaye kafin su zo su gani da idonsu.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne alƙaluman nan iyaka ce ta sama, ba adadin da dole sai an cike ba. Akwai dalilai da yawa na tsayawa ƙasa da ita. Yaro mai sikila, wanda ciwonsa zai iya tashi da tsakar rana ya buƙaci asibiti, ko mai farfaɗiya, ko mai asma a lokacin hunturu, ko wanda bai fara tafiya ba a shekarun da sa'o'insa suke gudu, ki ba shi gurbi biyu a lissafinki. Idan kina da ciki, ko kina fama da ciwon baya ko hawan jini, ko a bene kike zaune, ko akwai rijiya a tsakar gidan, ki rage. Wadda ta fara sana'ar yau kuma ta fara da yara 2 ko 3, ta yi wata uku tana ganin yadda yininta yake tafiya kafin ta ƙara.

Girman ɗaki ma yana da nasa hukuncin. Kundin Ingila ya sa murabba'in mita 3.5 ga kowane yaro ɗan ƙasa da shekara 2, da 2.5 ga ɗan shekara 2, da 2.3 ga ɗan shekara 3 zuwa 5. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi ya ɗan haura murabba'in mita 13, amma idan kika cire wurin kujeru da teburin talabijin da firji, abin da ya rage wa yara zai yi wuya ya wuce 8 ko 9. Jariri 1 da ɗan shekara 2 da ɗan shekara 3 suna buƙatar 8.3, wato su uku kaɗai sun cika falon. Ki auna da tef, kada ki ƙiyasta da ido, kuma kada ki saka kicin da banɗaki da baranda cikin awon. Cunkoso a ɗaki yana da illa ta biyu, musamman a zafin Maris da Afrilu idan babu wuta: tari da mura da ƙyanda da ƙarambau suna bi ta kan yara cikin 'yan kwanaki, shi ya sa ya kamata ki ga katin rigakafin kowane yaro kafin ki karɓe shi.

Mataimakiya

Idan masu nema sun yi yawa, hanyar halal ta ƙara yara ita ce ƙara babban mutum, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Ingila, kowace mataimakiya tana iya riƙe adadin da aka yarda wa mai raino, idan wurin ya isa, amma ba a barin ta ita kaɗai da yara fiye da awa 2 a yini, ko awa biyun ma sai da izinin iyaye, kuma sai tana da takardar horon taimakon gaggawa na yara, wadda ake sabuntawa duk shekara 3.

A nan ne nake son in yi magana da babbar murya. Yarinya 'yar shekara 11 ko 12 da aka ɗauko daga ƙauye ba mataimakiya ba ce, ita ma yarinya ce da take buƙatar a kula da ita, kuma Dokar Kare Haƙƙin Yara ta hana a ɗauki yaro aikatau a wajen gidansu ko danginsa. Ba za ta gane jaririn da numfashinsa ya canza ba, kuma idan ya faɗo daga hannunta tsoron duka zai sa ta ɓoye, sai dare ya yi a ga yaro yana amai ba a san dalili ba. Mataimakiyar da za ki lissafa ita ce wadda ta kai shekara 18, kika san asalinta da inda take kwana, take zuwa kullum a kan lokaci, kuma aikinta shi ne yaran. Wadda take wanki a bayan gida ko kika aika kasuwa ba ta cikin lissafi a wannan lokacin. Haka nan maigida da yake barci a ɗaki bayan aikin dare. Ke da ita ku nemi horon taimakon gaggawa, irin wanda Ƙungiyar Agaji ta Red Cross take bayarwa, ku kuma tsara abin da za a yi ranar da ba ta zo ba, domin a ranar adadin yaran ya ninka abin da aka yarda miki. Ki sami wata babbar mace a kusa da ta amince a kira ta, iyaye kuma su san ta tun kafin buƙatar ta taso.

Adadi daidai ba ya wadatarwa idan ido ba ya kan yara. Ƙa'idar ita ce kowane yaro ya kasance inda kike ganinsa ko kike jinsa a kowane lokaci, amma lokacin cin abinci sai an haɗa biyun, gani da ji. Dalili shi ne yaron da abu ya shaƙe shi ba ya ihu. Gyaɗa ko aya ko yankan nama ya tsaya masa a maƙogwaro, ya buɗe baki babu sauti, idanunsa su firfito, ke kuma kina kicin kina jin shiru kina cewa suna cin abinci lafiya. Nutsewa a ruwa ma haka take, kuma ƙananan yara 'yan shekara 1 zuwa 4 suna cikin waɗanda ta fi kashewa a duniya. A gidajen da ake sayen ruwa wurin 'yan garuwa ana tarawa a baho da bokiti, ruwan da bai kai tsawon hannu ba ya isa ya halaka mai tatata da ya leƙa ya kifa. Ki rufe ruwa, ki ɗaga kalanzir da fiya-fiya sama, kada kuma a zuba su a robar lemo. Jariri a kwantar da shi rigingine a shimfiɗarsa shi kaɗai, ki riƙa leƙa shi. Duk waɗannan aikin ido ne, kuma kowane yaro da kika ƙara yana rage rabon sauran.

Yadda za ki ce a'a

Lissafin ba shi da wuya. Abin da yake karya shi shi ne kunya da kara, sai kuma kuɗin haya. Wata rana da sassafe za a ƙwanƙwasa, ki buɗe ki ga maƙwabciya da jariri a kafaɗa da jakar famfas da fida a hannu, tana cewa, "Hajiya, don girman Allah ki taimaka mini, na yau kaɗai ne, mai rainona ta yi tafiya." Na yau kaɗai yakan zama na wata shida. Amsar da za ki shirya tun kafin ranar ita ce, "Ƙanwata, ki yi haƙuri, wallahi ba ƙi nake yi ba. Akwai jariri a hannuna, idan na karɓi naki duka biyun zan cuta. Bari in kira miki wata da na yarda da ita." Saboda wannan, yana da kyau ki san masu raino biyu ko uku a unguwarku da kika ga aikinsu, ku riƙa tura wa juna.

Ki rubuta iyakarki a takarda ki manna a bango, ki kuma faɗa wa kowace uwa ranar da ta fara kawo ɗanta, domin abin da aka sanar tun farko ba ya zama cin fuska daga baya. Iyaye su ma suna da haƙƙin su tambaya yara nawa ne a gidan, har da na mai rainon, su kuma zo ba tare da sanarwa ba da misalin ƙarfe 4 na yamma su ƙirga da kansu. Mai rainon da ta tsare iyakarta ba za ta ji haushin wannan ba.

Ta fuskar kuɗi, tun da gurbin jariri ɗaya ne tak kuma shi ya fi cin lokaci, daidai ne kuɗinsa ya fi na sauran, na ƙanana ya biyo baya, na 'yan makaranta ya zama na awanni. Ki saka tara a kan jinkirin ɗauka bayan lokacin da aka yi alkawari. Idan kin yi lissafi kika ga yara 6 ba za su biya miki buƙata ba, gyaran yana wajen farashi ko ɗaukar mataimakiya, kuma kafin ki ɗauke ta ki tabbatar kuɗin yaran da za a ƙara ya rufe albashinta da abincinsu, in ba haka ba kin ƙara wa kanki wahala a banza.

Ki ajiye littafin shiga da fita, inda za a rubuta lokacin da aka kawo kowane yaro da lokacin da aka ɗauke shi da sunan wanda ya ɗauka, tare da lambobin waya biyu na kowane gida da abin da yaron ba ya ci. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ki rubuta ta a bangon littafin tare da sunan asibiti mafi kusa. Sannan ki je ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukumarki ki tambayi sharuɗɗan rajista. Kubwa da Dutsen Alhaji suna ƙarƙashin Bwari, Lugbe da Karu da Nyanya suna ƙarƙashin ƙaramar hukumar birnin Abuja, wato AMAC, mai rainon da take Mararaba ko Masaka kuwa a Jihar Nasarawa take, can za ta nema. Idan hukuma ta ba ki adadin da ya gaza wanda aka kawo a nan, nata za ki bi, idan kuma ya fi, babu wanda ya tilasta miki ki cike shi.

Takardar awannin nan ba ta dawwama, saboda yara suna girma. Ki sake ta a farkon kowane zangon karatu, da duk lokacin da wani ya shigo ko ya fita ko aikin uwarsa ya canza. Ranar da jaririn hannunki ya cika shekara 1, gurbin jariri ya buɗe, amma shi yana nan cikin ƙanana 3, saboda haka ba za ki karɓi sabon jariri ba sai ɗaya daga cikin ukun ya tafi ko ya haura zuwa rukunin 'yan makaranta a Satumba. Idan kika rubuta ranar haihuwar kowane yaro a gefen sunansa, za ki iya gaya wa mai ciki da ta zo neman gurbi watan da zai samu, ita ma ta tsara hutun haihuwarta a kan haka.